Ƙugiya da Igiyar Ƙarfe: Yadda Indiya Ta Kai Jirgin Tejas Teku

  

Masu shirya taro sun ce in yi magana a kan yadda ake ƙera jiragen yaƙi. Fagen ya fi ƙarfin yamma ɗaya, shi ya sa na ɗauki jirgi guda da tambaya guda. Jirgin shi ne Tejas, ƙaramin jirgin yaƙin da Indiya ta zana ta ƙera a gida. Tambayar kuwa ita ce: me ya faru da aka ce wannan jirgi, wanda aka yi domin filin jirgi na kan tudu, ya koma tashi da sauka a kan jirgin ruwa a tsakiyar teku?

Ranar 11 ga Janairu 2020, matuƙin gwaji na sojojin ruwan Indiya, Kwamado Jaideep Maolankar, ya sauke samfurin Tejas na ruwa a kan jirgin ruwan yaƙi INS Vikramaditya a Tekun Arabiya. Ƙugiyar da ke ƙarƙashin bayan jirgin ta cafki igiyar ƙarfe, ya tsaya cak. Washegari jirgin ya tashi daga nan ya koma sama. Ƙasashen da suka taɓa zana irin wannan jirgi da kansu har suka sauke shi a kan teku ana iya ƙirga su da yatsu. Jaridun Indiya suka yi ta guɗa, kuma suna da hujja. Sai dai shekara uku kafin wannan rana, a Disamba 2016, babban hafsan sojojin ruwan ƙasar, Admiral Sunil Lanba, ya riga ya faɗa wa manema labarai cewa rundunarsa ba za ta iya yaƙi da wannan jirgi ba, don ya yi nauyi, ƙarfin injinsa bai kai ba. Saukar 2020 ba ta ƙaryata shi ba, saukar da jirgin ya sake yi a kan INS Vikrant a 2023 ma ba ta ƙaryata shi ba. Jirgin ya iya aikin da aka ce ba zai iya ba, duk da haka wanda ya ƙi shi yana kan gaskiyarsa. Abin da nake so mu warware ke nan.

Abin da teku ke nema daga jirgi

Titin da jirgin yaƙi ke sauka a kan tudu yakan kai mita 2,500 zuwa 3,000. Matuƙi yana da sarari. Idan ya kusa taɓa ƙasa sai ya ɗan ɗaga hancin jirgin, saurin gangarowa ya ragu, tayoyi su taɓa kwalta a hankali, sannan ya taka birki. Vikramaditya, jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi, wanda daga yanzu zan riƙa ce masa jirgin dako, tsawonsa duka mita 284 ne, kuma ba duka ake sauka a kai ba. Akwai igiyoyin ƙarfe uku da aka gitta a doronsa ta baya, kowace tana haɗe da injin da ke ƙasa mai shanye fizgar. Jirgi yana zuwa da gudun kimanin kilomita 240 a awa, ƙugiyarsa ta kama ɗaya daga cikinsu, ya tsaya cikin kimanin mita 90, a cikin daƙiƙa biyu zuwa uku.

Domin ƙugiya ta faɗa daidai wurin, matuƙi ba shi da damar ɗaga hanci ya lallaɓa sauka. Yana gangarowa a miƙe, idonsa a kan fitilun da ke gefen doro masu nuna masa ya yi sama ko ya yi ƙasa, kunnensa a wurin jami'in da ke tsaye yana yi masa jagora, har ya doki doron. Doka ne na gaske. Ana zana ƙafafun jirgin tudu su jure gangarowar kimanin mita 3 a daƙiƙa. Na Tejas na ruwa an zana su su jure fiye da mita 7 a daƙiƙa, saboda doron kansa yana iya tasowa da igiyar ruwa ya tarbi jirgin. Ɗaliban lissafi su lura: ƙarfin dukan yana tafiya da saurin sau kansa, don haka daga 3 zuwa 7 ba ninki biyu da ɗoriya ba ne, ya haura ninki biyar. Mita 7 a daƙiƙa shi ne saurin da abu ke kaiwa idan an sake shi daga tsayin mita 2 da rabi. Ku ɗauki jirgi mai tan goma ku sake shi daga nan, sannan ku ce gobe ma ya yi, jibi ma ya yi, shekara da shekaru, ba tare da ya tsage ba.

Akwai wani abu da ke ba mutane mamaki. Da tayoyi sun taɓa doro, matuƙi ba ya rage wuta, ƙara ta yake yi har ƙarshe. Dalili, bai san ko ƙugiya ta kama ba. In ta kama, igiya za ta riƙe shi da ƙarfin tsiya duk da injin na ruri. In ta kuskure, yana buƙatar wannan ƙarfi ya sake tashi kafin doro ya ƙare, in ba haka ba sai ruwa. Ke nan ƙashin bayan jirgin ana jan sa gaba da baya a lokaci guda.

Tashi ma da nasa sharaɗin. Jiragen dakon Amurka da na Faransa suna da majaujawa, wato injin da ke ƙarƙashin doro mai kama ƙafar gaban jirgi ya wurga shi sama. Na Indiya ba su da ita. Abin da suke da shi tudu ne a goshin jirgin, doron ya lanƙwasa ya ɗaga sama da kusurwar kimanin digiri 14. Jirgi zai tsaya a baya, a tokare tayoyinsa, ya buɗe wuta duka, a sake shi, ya yi gudun da bai wuce mita 200 ba, ya hau tudun, tudun ya cilla shi. A lokacin da ya bar doro fukafukansa ba su gama ɗaukar sa ba tukuna. Cillawar ce ke ba shi 'yan daƙiƙu a sama, a cikinsu injin zai ƙara masa gudu har iska ta riƙe shi. Jirgin dakon yana taimakawa da fuskantar iska da gudu, amma sauran aikin duk na inji ne. Kowane kilo da aka ɗora wa jirgin, na mai ne ko na makami ko na ƙarfen jikinsa, a waɗannan daƙiƙu ake biyan kuɗinsa. Ku riƙe wannan, don a nan Tejas ya sha ƙasa.

Sauran buƙatun zan bi su da sauri. Gishirin teku yana cin ƙarfe. Na'urorin hangen nesa na jirgin dako suna watsa igiyoyin lantarki masu ƙarfi da za su iya rikita kwamfutocin jirgin da ke ajiye kusa da su. Dole a sami wuraren ɗaure jirgi da sarƙa don kada ya zame. Dole ya shiga lif ɗin da ke saukar da shi ɗakin ajiya na ƙasa. Dole kuma ya iya zubar da mai a sama cikin gaggawa, domin igiya da ƙafafu suna da iyakar nauyin da za su karɓa.

Jirgin da aka haifa ƙarami

Indiya ta fara shirin ƙaramin jirgin yaƙi a 1983, domin ya gaji MiG-21 na Tarayyar Sobiyet da sojojin samanta ke da su da yawa. A 1984 aka kafa hukumar ADA a Bangalore ta riƙe zane, kamfanin gwamnati na HAL kuma ya riƙe ƙira. Aikin ya ja. Bayan gwajin nukiliyar da Indiya ta yi a 1998, Amurka ta sa mata takunkumi, taimakon da ake samu daga can a kan manhajar sarrafa jirgin ya yanke, injiniyoyin gida suka ƙarasa da kansu. Jirgin ya fara tashi ranar 4 ga Janairu 2001, Firayim Minista Atal Bihari Vajpayee ya raɗa masa suna Tejas a 2003, rundunar sama ta kafa ayarinsa na farko a Yuli 2016.

Ƙanƙanta ita ce abin alfaharinsa. Nauyinsa babu mai babu makami kimanin tan 6 da rabi ne, iyakar abin da zai tashi da shi kimanin tan 13 da rabi. Faɗin fukafukansa mita 8 da ɗan ɗoriya. Kusan rabin nauyin gangar jikinsa zaren kabon ne da dangoginsa, ba ƙarfe ba. Injinsa ɗaya ne, F404 na kamfanin General Electric na Amurka, mai tunkuɗar kimanin tan 8 da rabi. An so a sa masa injin gida mai suna Kaveri, amma bai kai ƙarfin da ake nema ba, aka raba shi da shirin a 2008. Fiffikensa mai kusurwa uku ne, kuma ba shi da ƙananan fukafukan wutsiya irin na yawancin jirage.

Su kuwa sojojin ruwan Indiya ba baƙin wannan harka ba ne. Tun 1961 suke da jirgin dako, Vikrant na farko da suka saya daga Birtaniya, wanda jiragensa suka kai hari Chittagong da Cox's Bazar a yaƙin 1971. Daga 1983 suka koma kan Sea Harrier mai sauka a tsaye. Suna kuma da suna wajen son kayan gida, jiragen ruwansu da yawa a ƙasar ake ƙera su. Da suka fara tunanin gina jirgin dako na kansu, ba abin mamaki ba ne su so jirgin sama na gida a kansa. A 2003 gwamnati ta amince a yi Tejas na ruwa, samfuri biyu, NP-1 mai kujera biyu da NP-2 mai kujera ɗaya, sojojin ruwa suka sa nasu kuɗin a ciki.

Tunanin lokacin shi ne, tunda ga jirgi a hannu, 'yan gyare-gyare ne suka rage. A ganina nan ne tushen matsalar duka. Kamar mutum ne ya gina gidan ƙasa, daga baya ya ce zai ɗora bene. Maginin kirki zai gaya masa maganar ba ta sama ba ce, ta tushe ce, kuma tushen yana ƙarƙashin ɗakunan da aka riga aka shafe.

Mu bi gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya mu ga yadda kowanne ke jawo ɗan'uwansa. Ƙafafu sai sun ƙara tsawo da kauri domin su shanye dukan nan mai ninki biyar. Ƙafa mai kauri tana neman babban rami da za ta naɗe a ciki, ramin kuma yana cin wurin mai. Ƙafar ba ta riƙe dukan ita kaɗai, tana miƙa shi ga ƙashin tsakiyar jirgi, sai an ƙarfafa shi. Ƙugiya tana fizgar jirgin daga baya da ƙarfin da ya ninka nauyinsa, sai an shimfiɗa ƙashi mai ƙarfi daga inda take zuwa tsakiya. Har na'urori da bututun mai da tankunan da ke rataye a fiffike sai an tabbatar ba za su tsinke su yi gaba ba idan jirgin ya tsaya farat ɗaya. Duk wannan nauyi ne. Jirgin da ya ƙara nauyi yana buƙatar ƙarin gudu kafin iska ta riƙe shi, ke nan zai zo doro da sauri fiye da da. Zuwa da sauri yana ƙara wa ƙafa da ƙugiya wahala, sai a sake ƙarfafa su, nauyi ya sake hawa. Babban jirgi mai inji biyu zai iya haɗiye ƙarin rabin tan bai ji ba. A jirgin da dukansa tan 6 da rabi ne, rabin tan shi ne makamin da zai ɗauka ko man da zai dawo da shi gida.

Sai kuma fiffike. Jirgi mai fukafukan wutsiya yana sauke faifan bayan fiffikensa idan zai sauka, ya sami ƙarin ɗauka a ƙaramin gudu, wutsiya kuma ta daidaita shi. Tejas ba shi da wutsiyar da za ta yi wannan. Hanyar da ta rage masa ta rage gudu ita ce ɗaga hanci sosai, hanci in ya ɗagu kuma ya tare wa matuƙi doron da yake nema. Injiniyoyin suka yi dabara biyu. Suka sunkuyar da hancin jirgin don matuƙi ya gani ta samansa. Suka kuma ƙara wasu faifai masu motsi a gaban fiffike, daidai inda ya haɗu da jiki, ana ce musu LEVCON, masu sarrafa guguwar iskar da ke bi ta kan fiffike domin jirgin ya riƙu a ƙaramin gudu. Dabara ce mai kyau. Amma Tejas jirgi ne da kwamfuta ke riƙe da daidaitonsa a kowace daƙiƙa, saboda haka sabon faifai yana nufin sabuwar manhaja, sabon gwajin iska, sabon gwajin tashi. Abin da aka kira gyara ya zama kusan sabon jirgi mai kama da tsohon.

An fito da NP-1 bainar jama'a ranar 6 ga Yuli 2010, bai tashi ba sai 27 ga Afrilu 2012, shekara tara bayan amincewa. Ƙafafunsa na farko an cika musu ƙarfe saboda tsoron karyewa, suka yi nauyi fiye da kima, jirgin ya daɗe a ƙasa ana sake su. Ba na ganin laifin waɗanda suka zana su. Wanda bai taɓa auna dukan doro da kansa ba, in dai yana da hankali, kauri zai ƙara.

Ba Indiya ce ta fara ba

Kada wani ya ɗauka wannan gazawar ƙasa mai tasowa ce. Birtaniya ta ɗauki Spitfire, jirgin da ya yi suna a yaƙin duniya na biyu, ta sa masa ƙugiya ta kira shi Seafire. A sama ba a kushe shi ba, amma ƙafafunsa matsattsu ne marasa ƙwari. A Salerno ta Italiya a Satumba 1943, waɗanda suka lalace wajen sauka a kan jiragen dako sun fi waɗanda abokan gaba suka taɓa nesa ba kusa ba. Amurka, a zamanin sakataren tsaro Robert McNamara, ta dage sai sojojin sama da na ruwa sun yi tarayya a jirgi ɗaya, F-111. Na ruwan ya yi ta ƙiba har aka soke shi a 1968. Faransa ta gwada Jaguar na ruwa a kan jirgin dakonta Clemenceau, ta watsar da shi a 1973.

Misalin da ya fi kusa da namu shi ne na YF-17, ƙaramin jirgin da ya yi takara da YF-16 a Amurka ya faɗi a 1975. Sojojin ruwa suka ɗauke shi, amma ba su yi masa kwaskwarima ba. Suka haɗa Northrop, wanda ya ƙera shi, da McDonnell Douglas, kamfanin da ya san teku, aka faɗaɗa fiffike, aka sake ƙafafu, aka ƙara tankin mai, nauyinsa ya hau da fiye da tan 4. Abin da ya fito a 1978 shi ne F/A-18, kuma ba wanda ke kiran sa ƙaramin jirgi. Har F-35C na zamanin nan, da duk kuɗin da aka zuba masa, ƙugiyarsa ta farko ta kasa kama igiya a gwajin ƙasa a 2011, saboda ta yi kusa da tayoyi, sai da aka sake zana ta, bai sauka a kan jirgin dako ba sai Nuwamba 2014.

Idan aka juya hanyar kuwa, tafiya tana sauƙi. F-4 Phantom jirgin sojojin ruwa ne, sojojin sama suka gani suka so, suka ɗauka. Rafale na Faransa tun daga takardar farko an zana shi da doro a zuciya, shi ya sa na ruwan ya fi na tudu da 'yan ɗaruruwan kilo kawai. Kuma ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ba haramun ba ne a teku. A-4 Skyhawk da Ed Heinemann ya zana, wanda ya fara tashi a 1954, ya fito da kusan rabin nauyin da sojojin ruwan Amurka suka yarda da shi, ya yi shekaru yana aiki. Bambancin shi ne don teku aka yi shi tun farko, kuma majaujawa ce ke tashin sa.

Goa

Abu mafi amfani da shirin ya haifar, a wurina, ba ya tashi sama. A sansanin INS Hansa da ke Goa an gina kwafin doron jirgin dako a kan ƙasa, da tudun tashi mai fuskantar teku, da igiyoyin kamu, da fitilun jagora. Irin wannan wuri kaɗan ne a duniya. Amurka tana da nata a Lakehurst, inda Faransawa ma suka kai Rafale gwaji a 1992 don ba su da irinsa, Sobiyet kuma ta gina nata a Kirimiya. Ranar 20 ga Disamba 2014 NP-1 ya hau tudun Goa ya tashi. An rubuta masa manhajar da ke riƙe jirgin da kanta a waɗannan daƙiƙu masu haɗari bayan barin tudu. NP-2 ya fara tashi a Fabrairu 2015.

Sai ga maganar Lanba a ƙarshen 2016, wata biyar kacal bayan sojojin sama sun karɓi nasu Tejas ɗin. A Janairu 2017 rundunar ruwa ta nemi bayani daga kamfanonin waje a kan jirage 57. An zarge shi da kashe kayan gida, ni kuwa ina ganin lissafi ya yi. MiG-29K na Rasha, wanda suka sayi guda 45, injinansa biyu suna ba da tunkuɗar kimanin tan 18, nauyin da zai tashi da shi kuma yana iya kai tan 24 da rabi. Tejas na ruwa yana da tunkuɗar tan 8 da rabi, jikinsa kuma ya fi na ɗan'uwansa na tudu nauyi. Zai tashi daga tudu, ba shakka. Amma da mai nawa, da makami nawa, ya je ina, ya daɗe minti nawa yana gadin ayarin jiragen ruwa? Jirgin dako yana ɗaukar jiragen yaƙi ashirin da wani abu ne kawai, kowane gurbi yana da tsada, ba a ba da shi don kara. Ana yawan cewa sojojin ruwa sun fi son inji biyu saboda in ɗaya ya mutu a tsakiyar teku ɗayan zai kawo mutum gida. Akwai gaskiya a ciki, amma Super Étendard da A-7 da F-35C duk inji ɗaya gare su. Babbar maganar ita ce ƙarfin barin tudu da kaya.

Abin da ya burge ni shi ne ba a rufe shirin ba. An sauya masa matsayi, ya zama na koyo. A Agusta 2018 NP-2 ya kama igiya da ƙugiya yana gudu a ƙasa. Ranar 13 ga Satumba 2019 aka yi cikakkiyar saukar kamu ta farko a Goa. Wata huɗu bayan nan aka je Vikramaditya. Ranar 6 ga Fabrairu 2023 Tejas ya sauka a kan sabon Vikrant, wanda aka gina a Kochi aka ƙaddamar a Satumba 2022, jirgin sama na gida a kan jirgin dako na gida. A Agusta na wannan shekara samfuri na uku, NP-5 mai kujera biyu, ya tashi.

Me aka samu da wannan wahala? Kowace sauka an yi ta ne da na'urorin awo a jikin ƙafa da ƙugiya da ƙashin jirgi. Yanzu injiniyoyin Bangalore suna da lambobin da suka auna da kansu: yawan dukan da ƙafa ke sha, yadda ƙugiya ke tsalle idan ta doki doro, yadda iskar da ke biyo bayan jirgin dako ke jan jirgi ƙasa dab da sauka, inda suka cika ƙarfe ba dalili. Waɗannan ba a sayar da su. Wanda ya sayar maka da jirgi zai ba ka littafin tuƙi da na gyara, ba zai ba ka dalilin da ya sa ƙafar ta zama haka ba. An kuma sami matuƙan gwaji da jami'an doro da suka san yadda ake kai sabon jirgi teku mataki-mataki ba a yi asarar rai ba.

Duk da haka ba zan wanke shirin tas ba. Da a 2003 an faɗa wa gwamnati da sojojin ruwa cewa wannan makaranta ce, jirgin yaƙin yana bayanta, da an tsara shekaru da kuɗi a kan haka, da kuma an fara zanen magajinsa da wuri. An yi alkawarin jirgin yaƙi, aka kawo jirgin gwaji, rundunar da ta dogara da alkawarin ta ga Sea Harrier ya yi ritaya a 2016 ba magaji na gida. Bayan maganar Lanba ma an ɓata lokaci a kan wani zane mai inji ɗaya, F414, wanda ya fi F404 ƙarfi, kafin a yarda cewa shi ma ba zai kai ba.

Zanen da aka tsaya a kai shi ne TEDBF, aka nuna siffarsa a bajekolin jirage na Bangalore a 2021: inji biyu, fukafukai masu naɗewa, ƙananan fukafukai a gaba, nauyin da ya kusa ninka na Tejas, kuma an fara shi daga doro, ba daga tudu ba. Amma teku ba ta jira. A 2022 Rafale na ruwa da F/A-18 Super Hornet suka zo Goa suka nuna za su iya tashi daga tudu, a kan wurin nan da aka gina domin Tejas. A 2023 aka zaɓi Rafale, a Afrilu 2025 aka sa hannu kan sayen 26, ana sa ran kammala kawo su zuwa 2030. A ranar da aka sa hannun, TEDBF bai taɓa barin ƙasa ba. Abin da ke damuna a nan shi ne mutanen. Waɗanda suka fara aikin a 2003 suna matasa yanzu furfura ta kama su, wasu sun yi ritaya, matuƙan gwajin ma haka. Lambobin suna nan a kwamfuta, amma wanda ya san dalilin da ya sa aka yi watsi da wata dabara a 2013 yana iya barin ofis kafin a yanka ƙarfen farko na sabon jirgin. Samfuran Tejas na ruwa uku ne ke akwai, kuma muddin ana tashin su daga Goa ana kai su doro, akwai inda sababbin injiniyoyi da matuƙa za su koyi aikin da hannunsu kafin TEDBF ya iso.

Shugaban taro, a nan zan dakata. Na ga hannaye tun ina maganar LEVCON, a fara da su.